Tsarabar Garin Da Ba A Je Ba

Mijina Umara bai taɓa zuwa Ngudomari ba. Ko hanyarta bai sani ba. Ku fara riƙe wannan, don shi na yi ta faɗa ranar da 'yan gora suka ɗaure shi a jikin falwaya a bakin layinmu, na faɗa har muryata ta dushe, ba wanda ya saurare ni.

Direba ne a wani ofishin gwamnati da ke raba wa manoma taki da iri. Kafin rikici da gaske suke tafiya, su bi Zabarmari su wuce ƙauyukan bakin ruwa, ya dawo mini da shinkafa da kifi. Da yaran daji suka fara tare hanya suna yanka duk wanda suka samu da katin aikin gwamnati, sai tafiya ta mutu. Amma kuɗin tafiya bai mutu ba, don daraktansu Alhaji Tahir ba zai bari ba. A takarda ana tafiya duk wata, a biya kuɗin mai da na kwana da na abinci, manya su raba, a miƙa wa Umara ɗan abin da ya sawwaƙa, tunda ba a tafiya babu direba.

Ga yadda ake yi. Ran tafiya Umara ya ɗauki farar motar ofis, ya yi sallama da mutanen layi, ya kai ta wani kangon gida na Alhaji ya rufe da tamfol. Sai ya sulalo ta lungun baya ya shige uwar ɗakana. Nan zai zauna har kwanakin tafiyar su cika. Ba masallaci, ba tari mai ƙarfi, takalmansa ma a ƙarƙashin gado nake ɓoyewa. 'Yarmu Najiba kuwa sai in kai ta wurin kakarta a Shehuri, don bakin yara ba ya riƙe magana. Ran dawowa ya koma kangon, ya watsa wa motar taɓo, ya shigo unguwarmu Moduganari yana danna oda, yara na binsa da gudu.

Tsaraba kuma dabararsa ce, ba wanda ya sa shi. Ya ce da ni, “Rashida, wa ya taɓa dawowa daga bakin ruwa hannu rabbana? Ai sai a gane.” Don haka ni nake zuwa kasuwar kifi in sayo banda, ya dawo mu rarraba gida-gida. Liman ya samu, Ya'akubu tela ya samu, mai shayi ya samu. Na sha ce masa, “Baban Najiba, wannan wahalar ta ishe ni. Ƙato da kai kana kwance a ɗaka kamar mai jego, ni ina sayen kifi da kuɗina ina raba wa gari!” Sai ya yi dariya ya ce in rage murya, ai yana Ngudomari.

Shekarar da aka yanke layukan waya aka kawo musu sabuwar mai binciken kuɗi, Madam Phoebe, 'yar wajen Biu, wata siririya mai tabarau da ba ta iya dariyar ƙarya ba. Ta duba takardun tafiyar ƙarshe ta ce ko mahaukaci ba ya bin wannan hanya yanzu, ba za ta sa hannu ba. Ofis ya ɗauki zafi. Aka yi ta musu, aka zage ta, aka sace mata iskar taya, ta ƙi. Ƙarshe aka kafa kwamiti.

Alhaji Tahir ya kira Umara ya ja masa kunne. “Za ta turo mutane su bugi cikinka. Duk wanda ya tambaye ka, ko uban waye, ka ce ka je Ngudomari. Ka ji ko? Ka je, ka kwana, ka dawo.”

Umara kuwa ga shi da baki. Mutum ne da in ka ce ya ba ka labarin zuwa bakin titi sai ya sa masa kura da ɓarayi. Ya zauna ya tsara garin nan a kansa tun daga kasuwa har gidan Bulama mai garin, yana gwada mini ina tsaki.

Ran da abin ya faru, da hantsi, yana zaune a bencin mai shayi ƙarƙashin dalbejiya sai ga Garzali. Garzali shi ne shugaban 'yan goran layinmu, samarin da suka ɗauki sanda da adda suna farautar yaran daji a cikin gari. A gabanmu ya girma, Umara ne ma ya koya masa tuƙi. Amma tun da aka harbe wansa a ƙofar shago, yaron nan ya daina kallon mutane a ido. Mai shayi ne ya ba ni labarin yadda aka yi daga baya. Ya ce Garzali ya zauna a natse, ya gaishe shi ya ce, “Wushe, Ya Umara. An ce kwanan nan ka je Ngudomari?”

Umara ya ɗauka ɗan aiken Madam ne. Ya gyara zama. Ya ce ƙwarai kuwa, ya je, garin lafiya lau, mutanen kirki. Bulama ya yanka musu kaza, a gidansa ma ya kwana. A hanya ba wanda ya tare shi, ai duk sun san motarsa.

Abin da bai sani ba, da sassafen nan wasu mata suka iso unguwa a ƙafa, ƙafafu duk sun fashe, daga Ngudomari suke. Garin yana hannun yaran daji tun kafin azumi. Bulama shi suka fara yankawa. Ba waya, ba mai fita, shi ya sa labari bai iso ba. Kuma matan sun ce mota ɗaya ce take shiga garin, wata fara, mai kawo wa yaran man fetur.

Ina tankaɗe na ji ihu. Na fito ko mayafi babu. Na tarar da shi a ƙasa, sun kewaye shi, gora na sauka ta ko'ina. Wani ya buga masa a baki, na ga haƙori ya faɗo cikin ƙasa. Yana kare kansa da hannu yana cewa, “Ban je ba! Wallahi ban je ba!” Garzali ya taka masa wuya da takalmi ya ce, “Yanzu da bakinka ka ce a gidan Bulama ka kwana. Da gawarsa kuka kwana?”

Na kutsa na faɗa kansa. Gora ta same ni a kafaɗa, hannuna ya mutu nan take. Na ce, “Garzali, don girman Allah! A ɗakina yake! Duk kwanakin nan a uwar ɗakana yake kwance, ni nake kai masa ruwan alwala!”

Ya ce, “Ke matarsa ce, me za ki ce da?” Sai ya juya ga jama'a. “Wa ya gan shi a kwanakin nan?”

Kowa ya kau da kai. Ya tambayi Liman. Liman ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya bai gan shi a sahu ba. Ya tambayi Ya'akubu tela. Ya'akubu, wanda ya lashe miyar kifina har da aiko yaro a ƙara, ya ce shi dai an kawo masa tsarabar Ngudomari, abin da ya sani ke nan. Kowa ya ce bai gan shi ba, kowa ya ci kifi. Kuma ba ƙarya suka yi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Mu muka ɓoye shi da kyau.

Na ce ni na sayo kifin a kasuwa. Suka yi dariya. Na ce ƙaryar ofis ce, don a ci kuɗin tafiya. Garzali ya ɗan tsaya. Ya san halin ma'aikata, kowa ya sani. Ya sa aka ja Umara aka ɗaure a jikin falwaya, a rana, ya ce da ni, “Je ki kawo ogansa. In ya faɗa da bakinsa cewa ba su je ba, ni zan kwance shi. In aka kira la'asar ba ki dawo ba, ba ruwana.”

Umara ya ɗago, ido ɗaya ya rufe, jini na zuba a gemunsa. Ya ce, “Je ki, Rashida. Alhaji ba zai bari ba.”

Wata maƙwabciya ta jefo mini hijabi, na tari keke napep. A kowane shinge sai an sauke mu, mu ɗaga hannu sama mu taka a ƙafa, ni kuwa hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, sai da na riƙe shi da ɗayan. Ina tafe ina kallon rana, ina zagin Umara a zuciyata, ina roƙon Allah Ya bar mini shi in zage shi a gabansa.

Na isa ofis ashe ranar kwamitin yake zama. Masinja ya tare ni, na ture shi ya bugu da bango. Na banka ƙofa. Ga su nan kewaye da tebur, da lemo da soyayyen nama a gabansu, Alhaji Tahir cikin farar shadda yana rantsuwa cewa shi da kansa ya taka ƙasar Ngudomari. Madam Phoebe tana can gefe ita kaɗai.

Na ce, “Ranka ya daɗe, za su kashe Umara. Ka zo ka ce ba ku je ba.”

Alhaji ya juya ga masinja. Ya ce, “Wace ce wannan? Ku fitar da ita.”

“Ba ka san ni ba? Ni ce nake dafa wa direbanka abinci a ɗaka in kun yi tafiya!” Na faɗa musu komai, da kangon da tamfol da taɓo, da matan da suka gudo, da falwayar. Shugaban kwamitin, wani mai furfura, ya ajiye cinyar kazar da ke hannunsa.

Madam Phoebe ta miƙe. Ta ce, “Alhaji, rai ne. Ka je ka faɗa musu. Ni zan janye ƙorafina, in ma so kake in bar aikin zan bari. Ka je kawai.”

Ya ce shi ba ya shiga harkar 'yan iskan unguwa, a kai magana wurin hukuma. Ban san lokacin da na tsallaka tebur ba. Na cafki wuyan rigarsa da hannuna mai lafiya na murɗa, kwalaben lemo suka tarwatse, hularsa ta faɗi. Na ce, “Wallahi ko ka tashi ko in kwana a kurkuku da maƙogwaronka a hannuna!” Aka ɓanɓare ni da ƙyar. Mai furfurar nan ya ce, “Tahir, tashi mu je. Ni ma zan bi ku in ji.” Da na san abin da zuwansa zai jawo, da na roƙe shi ya zauna ya ƙarasa kazarsa.

A motar Madam muka tafi. Alhaji yana gaba yana jan carbi, gumi ya jiƙa masa baya. Muka iso ana shirin kiran la'asar. Jama'a sun ninka, har daga wasu layuka, an kawo matan Ngudomari an zaunar a inuwa, ɗaya tana ta kuka tana kiran sunan ɗanta. Umara ya zube a jikin igiya, leɓɓansa sun bushe, ƙudaje na bin fuskarsa. Da ya ga Alhaji sai ya yi ƙoƙarin miƙewa tsaye. Ka ji wawa, wai gaisuwa zai yi.

Garzali ya zo da gorarsa, bakinta duk jini. Ya ce, “Kai ne ogan? Tambaya ɗaya ce. Kun je Ngudomari ko ba ku je ba?”

Na ga idon Alhaji ya je kan gorar, ya dawo kan mai furfura da ke tsaye a bayansa. In ya ce sun je, tare za a ɗaure su. In ya ce ba su je ba, ga shugaban kwamiti yana ji, aiki ya tafi, fansho ya tafi, wataƙila har gidan yari. Na matsa kusa na durƙusa a gabansa, ni da na shaƙe shi ɗazu. Na ce, “Alhaji, ka tuna shekarun da ya yi yana tuƙa ka. Shi ya kai matarka asibiti ranar da ake harbi. Ka ce ba ku je ba, shi ke nan.”

Ya share gumi. Ya gyara murya irin ta taro. Ya ce, “To, gaskiya ni ban samu zuwa ba, ciwon sukari ya kwantar da ni. Amma aikin gwamnati ba ya tsayawa. Na ba direba mota, na cika masa jarkoki da mai, na ce ya kai taki. Inda ya kai da wanda ya ba, wannan shi ya sani.”

Jarkoki da mai. Ko takardarsu haka ta ce, don a nan kuɗin ya fi yawa. Amma a wannan wuri, gaban waɗannan mata, daidai yake da ya ɗauki wuƙa ya miƙa.

Madam Phoebe ta yi ƙara, “Ƙarya ne! Ba wanda ya je! Motar ko ƙofar gari ba ta fita ba!” Wani ya kwaɗa mata mari, tabaranta ya yi tsalle, aka tattake. Muryarta ta nutse cikin ihu.

Umara ya ce, “Ranka ya daɗe...” Ita ce maganarsa ta ƙarshe. Har a lokacin ranka ya daɗe yake ce masa.

Ba Garzali ne ya fara ba, wani ne daga baya ya jefo bulo. Ya same shi a goshi, kansa ya bugu da falwayar. Daga nan ba mai iya tsayar da kowa. Gora, katako, dutse, har da bencin mai shayi. Na rarrafa ta tsakanin ƙafafu na rungume shi, aka fasa mini kai, aka ja ni ta ƙafa aka jefar gefe, na sake komawa. Ina jin ƙarar ƙashinsa yana karyewa a jikin kunnena. Igiyar ce ta riƙe shi a tsaye, shi ya sa suka daɗe suna dukan mutumin da ya riga ya tafi. Da ladan ya kira salla suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu har suka nufi famfo yin alwala. Na nemi Alhaji Tahir, babu shi babu alamarsa.

Ni da Madam Phoebe muka kwance igiyar. Tana lalube don ba ta gani sosai, tana cewa, “Ki yafe mini, ni na tayar da maganar.” Na ce ta yi shiru ta riƙe masa kai.

Ran sadakar uku ina zaune a ɗaka cikin takaba, kaina a naɗe, Najiba na kwance a cinyata ta gaji da tambaya. Madam ta shigo da sabon tabarau, ta zauna kusa da ni. Ta kama hannuna. Sannan ta ce, “Gara ki ji daga bakina. Kwamiti ya rufe bincike jiya. Sun ce tunda har an rasa rai a kan tafiyar, ba sauran shakka an yi ta. An biya kowa.”

Na ce, “Mai furfurar fa? Ai yana wurin.”

Ta ce, “Shi ya fara sa hannu.”

Ba ta rufe baki ba wata tsohuwa ta shigo da farin ambulan. Wai daga Alhaji Tahir, yana waje cikin masu gaisuwa. Ya ce a ba iyalin mamaci, haƙƙin marigayi ne na kwanakin da ya yi a Ngudomari.

Na ɗauke kan Najiba daga cinyata a hankali na ɗora a filo. Mata suka ce, “Rashida, ina za ki? Mai takaba ba ta fita!” Na ce ba nisa zan yi ba. Taɓarya na jingine a bakin madafa, na ɗauka da hagu, don hannun dama har lokacin ba ya aiki.

Yana zaune a kan darduma a sahun gaba kusa da Liman, ya ɗaga hannu ana addu'a, yana amin da ƙarfi ya fi kowa. Ya ɗago ya gan ni, ya buɗe baki zai yi mini ta'aziyya. A bakin na sauke masa. Na ji muƙamuƙin ya ba da ƙara, ya kife, haƙora da jini a kan farar shadda. Na ƙara masa a wurin dai, don ba ni da magana da sauran jikinsa. Ban fasa ba sai da Ya'akubu tela ya riƙe taɓaryar ta baya yana kuka. Na cusa ambulan ɗin a cikin abin da ya rage na bakin, na ce, “Ga kuɗin kwananka.” Na koma ɗaka na zauna inda na tashi.

Da yamma 'yan sanda suka zo. Maza sun fi hamsin a ƙofar gidan nan lokacin da abin ya faru, ido biyu, rana tsaka. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Liman ya ce idonsa a rufe yake yana addu'a. Mai shayi ya ce ya juya baya. Ya'akubu ya ce shi dai ya ga Alhaji ya faɗi, wataƙila ciwon sukarin ne. Garzali, da ya zo ya raɓe can ƙarshen tabarma ba wanda ya kula shi, ya ce matar gidan tana takaba, ko ƙofa ba ta leƙo ba. 'Yan sanda suka gaji suka tafi.

Wai sun yi mini alheri ke nan, har yau wasu suna jira in gode. Ban gode ba, kuma ba zan gode ba. Rannan ma da aka tambaye su game da Umara, abin da suka ce ke nan, ba su gani ba.